Abin da Majemi Ke Zubarwa

A Magarya da Dungas da wuya ka shiga gidan da babu akuya ko tunkiya, shi ya sa bayan Babbar Sallah fata ke cika kasuwa. Dillalai kan kwashi mafi yawa zuwa Damagaram, ko su ƙetara iyaka da ita zuwa Kano. Wadda ta tsaya gida majema ke jeme ta da toka da bagaruwa, dukawa su mayar da ita takalmi, kube da gidan laya.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne tulin da ake bari a bayan majema: gashi, kitse da tsokar da aka kankare daga cikin fata, da gefe-gefen da aka datse. Masana harkar sun ƙiyasta cewa a manyan masana'antu tan guda na ɗanyar fata ba ya ba da jemammiya fiye da kilo 200 zuwa 250. Sauran duk ruwa ne da abin da muke kira shara.

Kakanninmu ba su kira shi shara ba. Dubi tandun kwallin da ke cikin kayan tsofaffinmu. Da me aka yi shi? Da kankararriyar fata ce, wadda majemi ba ya bukata. Mai tandu zai gina siffar da yumɓu, ya riƙa lulluɓa jiƙaƙƙen saɓin fatar a kai, shafi bisa shafi, ya shanya. In ta bushe ta ƙame, sai ya farfasa yumɓun ya zazzage, ga tandu nan mara nauyi, ba ya yoyo, a zuba kwalli ko man shanu. Robar kanti ta zo ta kusa kashe wannan sana'a, kuma wallahi asara ce.

Ilimin zamani bai yi nisa da wannan dabara ba. Kitsen da aka kankare ana narka shi a tace, ya zama man da ke tausasa fata bayan jima. Guntayen fata ana dafa su su ba da danƙon manne. Ɓarɓashin jemammiya ana niƙa shi a danne da danƙo, a yanka shi shimfiɗar cikin takalmi. Gashi kuwa taki ne.

Sai dai a rarrabe. Manyan masana'antun Kano, irin na Challawa da Sharaɗa, da sinadarin kuromiyam suke jima, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ba ya kama fata, ruwa yake bi. Akwai hanyar kwantar da shi daga ruwan a sake jima da shi, amma inda aka bar shi ya malala, gona da kogi ke shan wahala. Sharar majemarmu ta bagaruwa ba ta da wannan dafi, don haka sarrafa ta bai fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar matasa ba.

Ina roƙon magadan garin Magarya da Dungas su keɓe wa majema wurin tara wannan kaya, su tura ƴan samari cibiyar binciken fata da ke Samaru, Zariya, su koyo aikin. Tsofaffin da suka iya tandu kuma, a neme su tun suna raye.