Tsohon Fiyano a Mantiƙa: A Gyara ko a Haƙura?

A Mantiƙa Sina'iya ta Khartum, wato unguwar masana'antu, ba a cika yarda cewa abu ya mutu ba. Injin mota ne ya buga, ko firji, ko janareta, akwai usta, wato gwanin gyara, da zai ce a kawo. Shi ya sa idan tsohon fiyano ya fito daga gidan da ake rabon gado a Omdurman, ko daga ɗakin ajiyar wata makaranta, can ake fara tunanin kai shi. Sai dai walda da fenti ba sa tayar da fiyano.

Da dama daga cikin irin waɗannan fiyano sun shigo ne zamanin mulkin Ingila da Masar, tsakanin 1899 da 1956. Jirgin ruwa ya sauke su a Bur Sudan, jirgin ƙasa ya kawo su gidajen ma'aikatan Turawa, da na 'yan kasuwa Girkawa da Armeniyawa, da coci-coci da makarantun mishan. Cibiyar koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo da aka buɗe a 1969 ta ƙara yawan masu iya kaɗa shi, ko da yake a bukukuwan Sudan garayar udu da akodiyon, daga baya kuma ogan mai lantarki, su suka riƙe fage.

Gane shekarun fiyano ba wuya. A ɗaga murfin sama, a haska fitila a kan ƙarfen da tsirkiyoyi ke ɗaure, a nemi lambar da kamfani ya buga. Manyan kamfanoni suna da rajista: Steinway mai lamba 100,000 an kai shi fadar shugaban Amurka a 1903, mai lamba 300,000 kuma a 1938, don haka abin da ya faɗa tsakani an san zangonsa. In da shekara rubuce kusa da sunan, kamar 1853 a jikin Bechstein ko Blüthner, ta kafa kamfanin ce, ba ta ƙera wannan fiyanon ba. Dillali ya fi son mai saye ya ɗauka ta ƙerawa ce.

In lambar ta goge, a ƙirga haƙoran dannawa. Guda 85 alamar tsohon ƙira ce, domin tun wajen 1880 aka soma komawa 88. Farin haƙorin da ya yi ɗorawa-ɗorawa, da siririn layi inda aka haɗa ɓari biyu, hauren giwa ne, kuma tun 1989 aka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. Mai niyyar fitar da shi waje ya san da wannan.

Shekaru dai ba su ne kuɗi ba. Tsirkiyoyi sama da 200 ne a ciki, suna jan ƙarfen da nauyin kusan tan 18. Kowace tana naɗe a ƙusar da aka dasa cikin katako mai tauri, ƙarfin riƙon katakon nan shi ke tsayar da murya. Fiyano yana son iska mai ɗan laima, a Khartum kuwa kafin damina iska kan bushe ƙayau, zafi ya haura digiri 40. Katako ya tsuke, ƙusoshi su saki, a saita yau gobe murya ta zube. Allon da ke bayan tsirkiyoyi, mai fitar da amo, ya tsage, gam ya sake. Ƙurar guguwar habub ta cika ciki, asu ya ci ulun gudumomin da ke bugun tsirkiyoyi, gara ta shigo ta ƙasa. Gidajen da aka rufe tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 sun ba gara lokacin da take so.

Wasu daga cikin waɗannan suna gyaruwa. Ulu, tsirkiya da ta tsinke, haƙorin da ya ɓalle, ana yin odarsu a sa. Kafintan Mantiƙa zai gyara akwatin ya yi kyau fiye da da. Amma idan ƙarfen ne ya tsage, magana ta kusa ƙarewa, domin na zubi ne, waldarsa ba ta da tabbas a ƙarƙashin wannan ja. Idan ƙusoshi sun saki gaba ɗaya, sai an kwance fiyanon kaf an sauya katakon, aikin da sau da yawa ya fi kuɗin sayen Yamaha na hannu mai lafiya.

Babban fiyano mai kwanciya na fitaccen kamfani, wanda ƙarfensa ke lafiya, ya cancanci wahalar. Ƙaramin mai tsayuwa da ba a san maƙerinsa ba, tsirkiyoyinsa a miƙe ba su gitta juna ba, gara a haƙura, a ba kafinta ya fitar da teburi ko kabad daga katakonsa.