Injin Gahawa Mai Kofi Ɗaya Ya Ba Ki Kunya? Ga Abin Da Za Ki Duba Kafin Ki Sayi Wani

Yau kicin za mu shiga, amma ba tukunya za mu ɗora ba. Maganar gahawa za mu yi, wato abin nan da da yawanmu muke kira kofi. Ni dai zan riƙa cewa gahawa, don kada mu rikita ta da kofin da ake zuba ta a ciki.

Wata 'yar uwa ce daga Kaduna ta rubuto mana. Ta ce maigidanta ma'abocin shan gahawa ne, ba ya fita da safe sai ya sha. Da ta kwashi adashi sai ta sayo injin nan na zamani mai yin kofi ɗaya a lokaci guda, wanda ake jefa masa ɗan ƙwanso a danna. Da farko abin gwanin sha'awa. Ba a yi wata huɗu ba ƙwanson da ya zo da shi ya ƙare, da ƙyar ta samu wani, shi ma da tsadar tsiya. Ran da abokan maigida biyar suka zo, tana tsaye tana yi ɗaya bayan ɗaya, kafin ta gama na ƙarshe na farko ya huce. Da asuba kuma sau da yawa babu wuta. Yanzu ga shi can a kan firji ya zama kayan ado. Ta ce ɗan abin da ya rage a hannunta ba shi da yawa, tana tsoron kada ta sake zubar da shi a banza.

To 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Kuma ba lallai ne a ce injin ba shi da kyau ba. An dai ƙera shi ne don wani irin gida da ba irin naki ba.

Irin wannan inji ya fara fitowa ne a ƙasar Suwizalan a shekarar 1986 da sunan Nespresso, sannan a Amurka wani mai suna Keurig ya shiga ofisoshi a 1998. Wanda aka yi wa shi, shi ne mutum ɗaya mai sauri, wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma kantin ƙwanso yana kusa da shi. Ƙaramin ƙwanson nan garin da ke cikinsa bai wuce giram 5 zuwa 6 ba, an auna shi ne don ɗan finjali. Idan kika ce sai ya cika miki babban kofin shayi, dole ki sha salam kamar ruwan wanke tukunya. Sannan yawanci ƙwanson wannan kamfani ba ya shiga injin wancan, kin ga ke nan an ɗaure ki. Ki yi wannan ɗan lissafi da kanki: ƙwanso kusan 180 ne ke yin kilo ɗaya na gari. Ki ninka kuɗin ƙwanso ɗaya sau 180, ki kwatanta da kuɗin kilo ɗaya na gahawa a kanti. A nan za ki ga inda kuɗinki yake tafiya. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, sai dai wannan rariyar mai sayarwa ba ya nuna miki hudojinta.

Kafin ki yar da shi dai, ki gwada abu ɗaya. Idan da can yana ba da gahawa mai zafi, yanzu kuma sai ɗumi-ɗumi tana ɗiga da ƙyar, mai yiwuwa farin dattin nan ne da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari ya toshe masa hanya, irin wanda kike gani a gindin buta. Ki duba takardar da ta zo da shi ki ga yadda ake wanke cikinsa. Wani lokaci shi ke nan maganin. Amma wanki ba zai rage tsadar ƙwanso ba, ba kuma zai kawo wuta ba.

Saboda haka kafin ki je kasuwa, ki zauna ki amsa wa kanki tambayoyi huɗu. Mutum nawa ne ke sha a lokaci guda a gidan? Da wace wuta za ki dogara, lantarki ne ko gas ko risho ko gawayi? Wace irin gahawa maigida yake so, mai kauri 'yar kaɗan, ko mai sauƙi cike da kofi wadda za a zuba wa madara? Sannan abin da injin yake ci, wato takardar tacewa ko ƙwanso ko robar da ke lalacewa, ana samunsa a garinku? Amsar waɗannan ita ce za ta zaɓar miki, ba ƙyallin kwali ba.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, injin lantarki mai tacewa, mai tulun gilashi a ƙasa. Za ki zuba ruwa a bayansa, ki sa gari a cikin mataci, shi zai dafa ruwan ya riƙa yayyafa shi a kan garin yana ɗiga cikin tulun. Wannan shi ne na gidan yawa da gidan baƙi, don yana yin kofi takwas zuwa goma sha biyu a tashi ɗaya. Sai dai ki sani kofin da suke ƙirgawa ƙarami ne, bai kai namu na shayi ba. Matsalarsa ita ce wuta. Duk injin da ke dafa ruwa yana jan wuta sosai, da yawansu daga wat 800 har zuwa 1,500, alhali ƙaramin janareton nan na gida bai cika kaiwa wat 1,000 ba. Kuma don Allah ki juya gindinsa ki karanta. Wutarmu a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, ta Amurka kuwa 120. Idan tsaraba aka kawo miki daga can, ko kika tsinto shi a kayan gwanjo, kika jona kai tsaye, sai dai ki ji ƙauri. Idan za ki saya, wanda tulunsa filas ne ya fi mai gilashi a kan faranti mai zafi, domin gahawa idan ta daɗe a kan wuta ɗaci take yi. Ki kuma nemi mai matacin da ake wankewa a sake amfani da shi, saboda ranar da takarda za ta yanke.

Na biyu, matacin hannu. Wannan aikin injin da muka ambata yake yi, sai dai ke ce injin. Wani ɗan mazurari ne da ake ɗorawa a bakin kofi ko filas, a shimfiɗa takarda a ciki, a zuba gari, a riƙa tsiyaya ruwan zafi a hankali. Kin san wadda ta ƙirƙiro shi? Uwargida ce kamarki, Melitta Bentz, a birnin Dresden na Jamus a shekarar 1908. Gajiya ta yi da tsakin gahawa a bakinta, sai ta huda gindin wani kwanon tagulla, ta ciro takardar tsane tawada daga littafin makarantar ɗanta ta shimfiɗa a ciki. Har yau kamfanin yana nan da sunanta. Shi ne mafi araha a cikinsu duka, kuma idan babu takarda, farin ƙyalle mai tsabta da kika ware don wannan aiki kaɗai zai yi.

Na uku, butar dannawa, wadda a kanti za ki ji ana ce mata Faransa fires, ko da yake wani ɗan Italiya ne, Attilio Calimani, ya yi rajistar irinta a 1929. Doguwar buta ce mai murfi, da sanda a tsakiya mai rariyar ƙarfe a ƙasanta. Ki zuba gari, ki zuba ruwan zafi, ki rufe ki bar shi minti huɗu, sannan ki danna sandar a hankali ta tura tsakin ƙasa. Ba ta son wuta, ba ta son takarda, kuma mai cin lita ɗaya za ta shayar da mutum huɗu ko biyar. Garinta ya zama mai tsaki-tsaki kamar na dambu, in ya yi laushi zai bi ta rariyar. Idan gidan akwai yara, ki sayi ta ƙarfe, ta gilashi ba ta kwana biyu. Da kin danna kuma ki juye duka a filas, kada ki bar ta zaune a kan tsakin.

Na huɗu, butar moka ta Italiya, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933. Sunan daga Mokha ne, tashar jiragen ruwa ta ƙasar Yaman da ta yi suna wajen fitar da gahawa a da. Hawa uku gare ta: ruwa a ƙasa, gari a ɗan kwando a tsakiya, sama kuma inda gahawar ke taruwa. Idan kika ɗora a wuta, tururi ne zai turo ruwan ya ratsa garin ya hau sama. Ita ce ta fi kusa da ɗanɗanon gahawar ƙwanso, mai kauri mai ƙarfi, kuma tana hawa gas da risho har da kurfoti. Amma tana da ƙa'ida. Kada ruwa ya wuce ɗan maɓallin nan na jikin gindinta, don ta nan tururi ke fita idan ya yi yawa. Ki cika kwandon amma kada ki danna garin. Wuta kaɗan-kaɗan. Da kin ji ta fara kurɓa-kurɓa ki sauke. Ki lura kuma ba a yin rabi a cikinta, saboda haka ki sayi daidai yawan masu sha. Wadda aka rubuta wa kofi shida, finjali shida ake nufi, wato misalin babban kofi ɗaya da ɗan ɗori. Ki tambayi mai kanti ko yana da robar bakinta, don ita ce ke fara gajiya.

Na biyar kuwa babu inji sam. Duk wadda ta je aikin Hajji ko Umara ta ga yadda Larabawa ke zuba gahawarsu daga buta mai dogon baki da suke kira dalla, da ƙwayar ƙamshin nan da suke ce wa hel, a haɗa da dabino. 'Yan uwanmu Hausawan Sudan kuma sun san jabana: a soya ƙwayar a kan gawayi, a daka a ɗan turmi, a dafa da citta, a tace a zuba a finjali. Idan irin wannan maigida yake so, to ƙaramar tukunya da mataci sun ishe ki, ki adana kuɗinki.

Yanzu ga sirrin da mai kanti ba zai faɗa miki ba. Daɗin gahawa ya fi dogara ga garin da ruwan da awon, fiye da abin dafawar. Awon da aka saba shi ne misalin giram 60 ga lita ɗaya. A sauƙaƙe, ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, za ta ɗauki babban cokali biyar zuwa shida na gari. Ruwan kuma kada ki zuba shi yana tafarfasa, ki sauke ki ba shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Garin gahawa yana saurin sakin ƙamshinsa, don haka ki sayi kaɗan, ko ki sayi soyayyar ƙwaya ki riƙa niƙa na kwana biyu ko uku. Kada ki kai injin niƙa na unguwa, in ba haka ba maigida zai sha gahawa mai yajin barkono. Ƙaramin kofin bilenda ko ɗan turmi na musamman ya wadatar. Ki ajiye a kwalba mai murfi gam, nesa da daddawa da kayan yaji, don gahawa akwai kwasar wari. Garin nan mai narkewa irin Nescafé kuwa, an riga an dafa shi an busar, ruwan zafi kawai yake so, ba a sa shi a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ba zan rufe ba sai na taɓo lafiya. Gahawar da ba ta bi ta takarda ba, kamar ta butar dannawa da wadda aka dafa a tukunya, tana ɗauke da wani mai da ke iya ƙara kitsen jini, wato kwalastarol, ga mai yawan sha. Idan likita ya taɓa yi wa maigida maganar kitsen jini, mai takarda ta fi masa. Ke kuma mai juna biyu, shawarar da likitoci da dama ke bayarwa ita ce kada sinadarin kafin ya wuce miligiram 200 a rana, wato misalin kofi biyu madaidaita, kuma ki tuna akwai shi a shayi da goro. Mai ƙarancin jini ta guji shan ta tare da abinci, don tana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe.

To 'yar uwata ta Kaduna, ga shawarata gare ki. Tunda wutar asuba ba ta da tabbas, kuma gidanki gidan baƙi ne, ki sayi butar dannawa ta ƙarfe mai cin lita ɗaya. Idan maigida ya riga ya saba da mai kauri, ki ƙara da ƙaramar moka don shi kaɗai. In kin yi ciniki da kyau, su biyun bai kamata su kai kuɗin injin da ke kan firjinki ba. Abin da ya rage ki sa shi a gahawa mai kyau. Shi kuma wancan, ki wanke shi tas ki sayar wa mai ofis, can ne gidansa na asali.

Nan za mu dasa aya. Allah ya bar mu da mazajenmu lafiya, ya sa albarka a abin da muke saya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.