Sabon ringi, tsohon hayaƙi

Da kaka ta yi, a-kori-kura da tsofaffin Hilux suka shiga jigilar gero da dawa daga ƙauyukan Makoɗa, Kunci da Ɗambatta zuwa Dawanau, sai ƙorafi ɗaya ya cika garejoji: an sauke inji, an sa sabon ringi, ko wata ba a rufa ba mota ta koma shan baƙin mai, salansa na ta aman shuɗin hayaƙi. Nan take sai a ce ringin da aka sayo a Ƙofar Ruwa jabu ne, ko man ne gurɓatacce. Jabun kaya kam akwai su. Amma sau tari ringin lafiyarsa ƙalau, ramin da aka zura shi ne ya riga ya cinye.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aka ɗauki canjin ringi a matsayin maganin kowane hayaƙi. Silinda ba ya cinyewa bai ɗaya. Ya fi ci daga sama, inda wuta ta fi zafi mai kuma ya yi ƙaranci, da ɓangarori biyun da fistan ke jingina a kansu, har ramin ya bar zagayensa. Sa sabon ringi a nan kamar ɗora sabon murfi ne a kan tukunyar da bakinta ya lotse: komai kyan murfin, tururi sai ya sami hanya.

Gane hakan ba ya buƙatar a sake wargaza inji. A fara da awon matsin kowane silinda ta ramin fulogi. Wanda ya yi ƙasa da 'yan'uwansa, a zuba masa baƙin mai kamar cokali guda, a sake awo. In matsin ya tashi, man ne ya toshe giɓin na ɗan lokaci, laifin na ringi ne ko bangon silinda. In bai motsa ba, a koma kan bawul ko gaskit. Wannan gwajin na injin fetur ne, kada a yi wa na gas. Haka nan a buɗe murfin zuba mai inji na aiki. In yana huro hayaƙi da ƙarfi, matsi na zurarewa ƙasa.

In an buɗe injin, farce ma kan ba da labari. A shafa bangon daga ƙasa zuwa sama. In ya sarƙe da wani ɗan tudu dab da baki, cin ya yi nisa. Bango mai kyau yana da siraran zane masu giciye da ke riƙe mai. Wanda ke sheƙi sumul ba ya riƙe komai, mai dogayen karce daga sama zuwa ƙasa kuwa yashi ya sha. A tura ringin shi kaɗai cikin ramin, a auna giɓin bakinsa a sama, a sake aunawa a ƙasa. In sun bambanta sosai, sai dai a kai bulok a faɗaɗa ramin a sa fistan mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50, ko a buga sabon silif.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowa na ƙoƙarin rage kashe kuɗi, na sani. Sai dai mai mota da ya hana kuɗin faɗaɗa rami zai biya shi ninki a galan-galan na baƙin mai. Makanikai ma da nasu laifin: a baje fistan a kan buhu a ƙasa cikin hunturu, a ɗauraye bulok da ɗan fetur a haɗa. Fetur ba ya fitar da garin dutsen da aka goge ramin da shi. Ruwan zafi da sabulu ke fitar da shi, a goge har farin ƙyalle ya fito fes. Sannan ga direban da ke cire matatar iska wai don mota ta ƙara ja, a kan hanyar burji, yana bin ƙurar motar gabansa tun daga Kunci har bakin kwalta.