Kalmar "Turn" Da Rikicinta

Cikin kalmomin Ingilishi kaɗan ne su ke ruɗa mai fassara kamar "turn". Asalinta daga Latin ne, inda a ke nufin juya itace a kan injin sassaƙa, shi ya sa a makaranta a kan koya mana cewa ma'anarta juyawa. To, amma ba nan ta tsaya ba.

In an ce madara ta yi "turn", ta yi tsami ke nan. "Your turn" kuwa, watau layi ya zo kanka. "Turn up" halarta ne, "turn down" kuwa ƙi. A nan haɗarin ya ke. Akawun da ya karanta wa talaka cewa an juya takardar roƙonsa, alhali an ƙi ta ne, ya bar bawan Allah yana jiran abin da ba zai zo ba.

Kada mu yi mamaki. Mu ma muna cin tuwo, mu ci kasuwa, mu ci jarrabawa, har a ci amana. Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna su riƙa duban kalmar da ke biye da ita tukuna, sa'an nan su fassara.