Dalilin Da Ya Sa Likitoci Suka Juya Gaɓar Kafaɗa

Wanda ya kalli hoton ƙashi na mutumin da aka yi wa dashen kafaɗa irin na zamani, zai iya zaton likita ya harhaɗa kayan a baibai. A halitta, kan ƙashin damtse ne mulmulalle kamar ƙwallo, allon kafaɗa kuma shi ke da ɗan gurbin da ƙwallon ke zama. A wannan dashe kuwa an yi musu musayar wuri: ƙwallon ƙarfe yana jikin allon kafaɗa, gurbin roba yana saman ƙashin damtse. Da gangan aka yi haka, kuma a yau wannan juyayyen dashe ya fi kowane irin dashen kafaɗa yawa a ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya. Kafin a gane hikimarsa, sai an bi maganar daki-daki, tun daga yadda lafiyayyar kafaɗa ke aiki.

Babu gaɓar da ta kai kafaɗa sakewa a jikin ɗan Adam. Hannu yana kaiwa sama da kai, ya zagaya baya, ya tsallaka ƙirji. Abin da ya ba ta wannan dama shi ne gurbinta ƙarami ne, kuma ba shi da zurfi. A kowane lokaci, abin da ke taɓa gurbin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na kan ƙashin damtse ba. Shi ya sa kafaɗa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. A kwatangwalo, zurfin gurbi ne ke riƙe ƙashi. A kafaɗa, yawancin wannan aiki yana wuyan tsoka.

Tsokokin nan rukuni biyu ne. Akwai babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa ta waje, wadda ake yi wa manya allurar riga-kafi a cikinta, sunanta deltoyid. A ƙarƙashinta akwai wasu guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka kewaye kan ƙashin damtse: ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya. Su huɗun nan za mu kira ɗamarar kafaɗa. Idan hannu yana saukake a gefen jiki, jan da deltoyid ke yi sama yake nufa kai tsaye. Da ita kaɗai ce, da sai dai ta ture ƙashin damtse ya haura ya bugi rufin ƙashin da ke saman kafaɗa. Ɗamarar ce ke danne kan ƙashin a tsakiyar gurbi, ta hana shi zamewa, sai jan deltoyid ya rikiɗe ya zama juyi, hannu ya ɗagu. Verne Inman da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya ne suka fayyace wannan haɗin gwiwa a shekarar 1944. Su ne kuma suka nuna cewa a cikin kowane digiri uku da hannu ya ɗagu, kimanin biyu daga gaɓar suke fitowa, ɗaya daga juyawar allon kafaɗa a bayan haƙarƙari.

To, idan ɗamarar ta yage fa? Ƙaramar yagewa akan ɗinke ta, wasu ma gashi da motsa jiki ke isar su. Amma idan ta yi girma kuma ta daɗe, musamman ga tsofaffi, jijiyar takan janye, tsokar ta shanye ta koma kitse, har ɗinki ya gagara. Daga nan kan ƙashin damtse ya riƙa hawa sama, yana gogar rufin kafaɗa, guringuntsi ya cinye. Mai wannan lalura yakan yi ta ɗaga kafaɗa, hannu kuwa ya ƙi wuce ƙirji, kai ka ce shanyewar jiki ce, alhali jijiyoyin saƙo lafiyarsu ƙalau. Charles Neer na Jami'ar Columbia a Amurka da abokan aikinsa suka yi cikakken bayanin wannan ciwo a 1983.

Dashen kafaɗa kansa ya girmi wannan bayani nesa ba kusa ba. Tun a 1893 Jules-Émile Péan ya sa wa wani mai fama da tarin fuka na ƙashi gaɓar da aka ƙera da ƙarfen filatinam da roba a birnin Faris, ko da yake bayan shekara biyu dole aka cire ta. A shekarun 1950 Neer ya fito da kan ƙashin damtse na ƙarfe don masu mummunar karaya, a shekarun 1970 kuma ya ƙara masa gurbin roba da ake likawa a allon kafaɗa. Wannan dashe ya kwaikwayi halitta sak, kuma har gobe yana aiki da kyau ga mai amosanin gaɓoɓi wanda ɗamararsa ke da lafiya. Ga wanda ɗamararsa ta lalace kuwa, kwaikwayon halitta bai tsinana komai ba, domin abin da ya ɓace tsoka ce, ƙarfe da roba ba sa maye gurbinta. Sabon ƙwallon ma sama yake hawa, ya riƙa danna gefen gurbin roba maimakon tsakiyarsa, gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya ɗagu, har gurbin ya saki ƙashi. Rukunin Frederick Matsen a birnin Seattle ya nuna alaƙar yagewar ɗamara da wannan saki a 1988.

Likitoci sun hango mafita tun a shekarun 1970: tunda babu tsokar da za ta tsayar da ƙwallo wuri ɗaya, a kafe shi a jikin allon kafaɗa, damtse ya riƙa zagaya shi. An gwada haka a Ingila da Jamus da Amurka, Neer kansa ya gwada, amma kusan duka suka ci tura. Yawancin ƙwallayen ƙanana ne, an ɗora su a kan dogon wuya da ya fito nesa da ƙashi, an kuma kulle ɓangarorin biyu da juna. Duk motsin hannu sai ya koma yana girgiza tushen dashen, allon kafaɗa kuwa siririn ƙashi ne. A gwiwar hannu ma darasin ɗaya ne a wannan zamani. Dashen da aka yi masa maƙalli mai tsauri ya yi ta sakin ƙashi, sai da aka bar masa ɗan sassauci na 'yan digiri, kamar yadda aka yi a dashen da ake kira na Coonrad da Morrey, sannan tsoka da jijiya suka karɓi rabonsu na nauyi.

A nan ne ilimin ƙarfi da motsi ya shigo, kuma ƙa'idar da ake bukata guda ɗaya ce. Ɗauki ƙyauren ɗaki. Idan ka tura shi daga bakinsa, nesa da inda aka kafa shi, da yatsa ɗaya za ka buɗe. Idan ka tura shi dab da makafarsa, sai ka sa ƙarfi sosai. Ikon juya abu ya dogara da ƙarfin da aka sa, da kuma nisan da ke tsakanin layin wannan ƙarfi da cibiyar juyi. Wannan ƙa'ida tana da fuska biyu a kafaɗa. Ana son deltoyid ta yi nesa da cibiyar juyi, don ƙaramin ja ya ɗaga hannu. Ana kuma son cibiyar ta yi kusa da ƙashin da aka kafa dashen, don nauyi kada ya samu tazarar da zai ɓamɓare shi. Dashen shekarun 1970 ya saɓa wa duka biyun.

Paul Grammont, likitan ƙashi a garin Dijon na Faransa, shi ya lura cewa gyara ɗaya zai biya bukatun biyu: a matsar da cibiyar juyi zuwa ciki, wajen jiki. A 1985 ya fito da samfurinsa na farko, a 1991 kuma ya kammala wanda aka sani da Delta III. Ya cire wuyan gaba ɗaya. Maimakon ƙaramin ƙwallo, ya sa babban rabin ƙwallo mai faɗin milimita 36 ko 42, ya kwantar da shi a kan fuskar ƙashi, a bisa faranti mai turke a tsakiya da kusoshi masu murɗi. Cibiyar rabin ƙwallo tana kan shimfiɗaɗɗen gefensa ne, saboda haka cibiyar juyi ta dawo daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙashi. Ƙarfin da ke ratsa gaɓar ta nan yake bi, girgizar da ta karya na baya ta ragu ƙwarai.

Wannan matsarwa ta amfani deltoyid ta hanya biyu. Nisanta da cibiya ya ƙaru, kuma wasu zaruruwanta na gaba da na baya, waɗanda a da ba sa taimakawa wajen ɗaga hannu, yanzu sun koma suna taimakawa. Grammont ya ƙara da abu na uku. Ya kwantar da gurbin roba a kusurwar digiri 155 da sandar damtse, ta yadda gurbin zai tallafo ƙwallon ta ƙasa, ƙashin damtse ya ɗan sauka. Saukar nan tana miƙe deltoyid, miƙaƙƙiyar tsoka kuwa ta fi sakakkiya ja. Yanzu idan ta ja sama, gurbin ba shi da hanyar hawa domin ƙwallo ya tare, sai dai ya zagaya shi. Abin da ɗamara ke yi da tsoka, siffar dashen ta yi shi da ƙarfe.

Duk wannan lissafi ne, kuma lissafi ba ya zama magani sai an gan shi a jikin majiyyata. Don a iya kwatanta sakamakon wannan asibiti da na wancan, ana bukatar ma'auni ɗaya. Wanda ya fi yaɗuwa a Turai shi ne na Constant da Murley na 1987, mai maki 100: 15 na raɗaɗi, 20 na harkokin yau da kullum, 40 na iyakar motsi, 25 na ƙarfi. A 2004 François Sirveaux da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon kafaɗu 80 daga asibitoci da dama. Matsakaicin maki ya tashi daga kimanin 23 zuwa kimanin 66, ɗaga hannu ta gaba kuma daga digiri 73 zuwa 138. Wato wanda a da hannunsa ba ya kaiwa daidai kafaɗa, yanzu yana ɗauko abu daga kan kanta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe a ƙarshen 2003. Bibiyar da aka yi a Faransa daga baya ta nuna kusan tara cikin goma suna nan daram bayan shekara goma, ko da yake aikin hannun yakan ɗan ja baya da tafiyar shekaru.

Bibiyar majiyyata ce kuma ta tono farashin da aka biya. Tunda an matsar da damtse ciki, duk lokacin da hannu ya sauka gefen jiki, bakin gurbin roba yakan bugi wuyan allon kafaɗa ta ƙasa. A hankali ƙashin ya zaizaye, a ga wani ɗan rami a hoto. A binciken Sirveaux an ga wannan a fiye da rabin kafaɗun. Na biyu, matsarwar tana sassauta ragowar tsokokin baya masu juya hannu waje. Mutum zai ɗaga hannu sama, amma kai tafinsa ƙeya, ko shafar kai a alwala, ko ɗaura ɗankwali, ya zame masa aiki. Na uku, miƙe deltoyid fiye da kima yakan tsaga rufin ƙashin da ta taso daga gare shi, musamman ga masu raunin ƙashi.

Sai aka sake komawa ɗakin gwaji. A can akan ɗaure kafaɗar gawar da aka bayar don ilimi a jikin na'ura, a sa igiyoyi su yi aikin tsoka, a sauya wurin dashe da 'yan milimita, a auna abin da ya biyo baya. A 2005 Richard Nyffeler da abokan aikinsa a Zurich suka nuna ta wannan hanya cewa idan aka sauke ƙwallon har ya ɗan leƙo ƙasan gurbin halitta, hannu yana sauka sosai kafin roba ta taɓa ƙashi. Wannan ya sauya inda likitoci ke kafa farantin. A Tampa ta jihar Florida, Mark Frankle ya dawo da cibiyar juyi waje kaɗan, ya kuma rage kusurwar gurbin zuwa digiri 135. A Nice, Pascal Boileau ya nemi tsaka-tsaki: ya yanko ɗan faifan ƙashi daga kan damtsen majiyyaci, ya sa shi ƙarƙashin farantin. Idan ya haɗe, wuyan allon kafaɗa ya ƙara tsawo, damtse ya samu sarari, cibiyar juyi kuma tana nan a bakin ƙashi. Ga wanda tsokokinsa na baya suka ƙare gaba ɗaya, akan ciro jijiyar wata faffaɗar tsokar gadon baya a sauya mata mazauni don ta riƙa juya hannu waje.

Ko adadin nauyin da gaɓar ke ɗauka, da farko ƙiyasi aka yi. Masu bincike Poppen da Walker sun lissafa a 1978 cewa miƙe hannu gefe daidai kafaɗa yana dora wa gaɓar ƙarfin da ya kusa nauyin jikin mutum. Daga baya Georg Bergmann da rukuninsa na asibitin Charité a Balin suka sa na'urorin awo a cikin dashe, suka karanta ƙarfin kai tsaye daga jikin masu rai. Sun tarar cewa a wasu ayyukan gida na yau da kullum, kamar ɗora abu mai ɗan nauyi a kan kanta, yana zarce nauyin jiki. Irin waɗannan alƙaluma ake ciyar da kwamfuta da su idan za a gwada sabon zane kafin a kai shi ɗakin tiyata.

A yau an faɗaɗa amfani da juyayyen dashe har ga tsofaffin da kan ƙashin damtsensu ya farfashe, da masu dashen da ya lalace. Wani gwaji da aka yi a Norway, wanda aka raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a, ya nuna ya fi ɗaure irin wannan karaya da farantin ƙarfe sakamako bayan shekara biyu. Amma sharuɗɗansa ba su sauya ba tun zamanin Grammont: dole deltoyid da jijiyar da ke kai mata saƙo su kasance da rai, dole kuma allon kafaɗa ya kasance da ƙashin da zai riƙe kusoshi. Muhawarar da ta rage ita ce ta milimita nawa za a fitar da cibiyar juyi, domin kowace milimita da aka ƙara tana rage zaizaya, tana kuma ƙara nauyi a kan kusoshi da kan deltoyid. Ga ɗan shekara 75, dashen da ya yi shekara 15 ya biya bukata. Ga ɗan 55 mai aikin ƙarfi, da wuya ya tsira daga tiyata ta biyu, wadda ta fi ta farko wahala. Shi ya sa rajistocin ƙasa, kamar na Ostireliya da na Ingila, wanda ya fara ɗaukar bayanan kafaɗa da gwiwar hannu a 2012, suke bin kowane dashe tun ranar da aka sa shi har ranar da aka cire, don a san wane zane ne ya dace da wane majiyyaci.