Sankarar Ƙwaƙwalwa: Aiko Da Magani Gida Kaɗai Bai Isa Ba

MAIDUGURI: Idan waya ta zo daga gida cewa likita ya ga ƙari a ƙwaƙwalwar ɗan'uwa, abin da mai nema a Ikko ko Fatakwal yakan fara yi shi ne ya tambayi sunan magani, ya saya, ya damƙa wa direba. To, ga wannan ciwo akwai sauran magana.

Maganin da likitoci suka fi rubutawa sunansa Temozolomide. Masana a Jami'ar Aston ta Birmingham, can Ingila, su suka haɗa shi, Amurka kuwa ta yarda da shi a 1999. Ƙwanso ne da ake haɗiya. Yana ratsawa daga jini har cikin ƙwaƙwalwa, inda magunguna da yawa ba su iya kaiwa, ya ɓata ƙwayoyin sankara ta yadda ba za su hayayyafa ba.

Amma fa ba shi kaɗai yake aiki ba. Ga mugun nau'in nan da ake kira giliyobilastoma, sai an yi fiɗa tukuna, sannan a yi mako 6 ana gashi da na'ura, majiyyaci na shan maganin kullum. Bayan haka sai kwana 5 cikin kowane 28. Binciken da aka buga a 2005 ya nuna waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 26 cikin 100 sun kai shekara 2, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa kashi 10. Watau yana ƙara kwana ne, bai cika warkarwa ba, gara dangi su san haka tun kafin a sayar da gona.

Gashin nan shi ne wuyar. A Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya taɓa na'urori masu tsada. Saboda haka kafin a sayi ko ƙwanso ɗaya, a tambayi likita inda za a yi gashin, da ranar farawa.

Har ila yau maganin yana sa amai, yana kuma rage jini, dole a riƙa awon jini a kai a kai. Mai aiko da kuɗi ya ware na awo da na mota. Nauyi da tsawon majiyyaci ake dubawa a yanka masa adadi, don haka kada a saya ba tare da takardar likita ba, kada kuma a fasa ƙwanson a dama a kunu.