Ƙwayar da Ke Mantar da Jiki Numfashi

A ƙauyukan Makoɗa da maƙwabtansu na Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, aikin damina ba ya jira. Tsakanin shuka da noman firi da maimai, ɗan ƙwadago yakan wuni a sunkuye, kuma a nan ne ƙwayar tiramadol ta sami kasuwa, ana sayenta a hannun 'yan tireda da masu tallar magani ranar kasuwa a matsayin maganin gajiya. Abin da mai sayen bai sani ba shi ne yawan abin da ke cikinta.

Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa tiramadol a 1962, kuma magani ne na gaskiya in likita ya rubuta. Ƙarfin da aka amince da shi a Nijeriya shi ne miligiram 50 da 100, amma wanda hukumar NDLEA ta sha kamawa yakan kai 225 ko 250. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga baligi. Ke nan ƙwaya biyu daga irin waɗancan sun ƙetare iyakar, kuma ƙetarewar kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

To, mai karatu, yaya maganin ciwo yake kisa? A gindin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne auna gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini. In ta yi yawa, sai su umarci ƙirji ya ja numfashi. Shi ya sa muke numfashi ko muna barci. Magungunan dangin ofiyom, wato su kodin da mofin da tiramadol, suna maƙalewa a jikin waɗannan ƙwayoyin su dushe jinsu. Sai numfashi ya yi ta raguwa, mutum ya yi wani irin minshari, leɓɓa su yi duhu, ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura. Na kusa da shi kuwa su ɗauka barcin gajiya ne. Wani abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, jiki yakan saba da daɗin maganin da sauri fiye da yadda yake sabawa da danne numfashin. Mai sha yana ƙara adadi don ya ji kamar jiya, alhali tazararsa da mutuwa raguwa take yi.

Toshe ƙofa ɗaya bai hana kasuwar buɗe wata ba. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken BBC, Indiya kuma ta tsananta dokar tiramadol. A 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake turo wa Afirka ta Yamma ƙwayoyi irin su Tafrodol, haɗin tafentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofurodol mai sakin jijiya. Haɗin biyun na ninka haɗarin ɗaukewar numfashi.

Gaba da wannan akwai fentanil, wanda ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100. Miligiram 2 kacal na iya kisa, abin da bai fi 'yan ƙwayoyin gishiri ba. A Amurka, inda ake cusa shi cikin jabun ƙwayoyi, shi da danginsa sun kashe mutum sama da 70,000 a 2022. Mai haɗa jabu ba shi da injin da zai gauraya ɗan wannan gari daidai, don haka a leda guda wata ƙwayar ba komai, wata ajali. Dangin naitazin kuwa, waɗanda aka ƙirƙira a Suwizalan a shekarun 1950 ba a taɓa amincewa da su a asibiti ba, an same su a cikin kush na Saliyo, ƙasar da ta kafa dokar ta-ɓaci a kan shaye-shaye a 2024.

Akwai makari, sunansa naloksan, wanda ke ture maganin daga mazauninsa cikin mintuna kaɗan. Sai dai aikinsa kan ƙare kafin na gubar, don haka ko mutum ya farfaɗo, a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti, a riƙe takardar ƙwayar da ya sha. Ɗura masa madara ko manja na iya shaƙe shi.